Harajin gado ko harajin tarika?

Jama'a, ina neman sunan Hausa ga abin da Amurkawa ke kira estate tax, wato harajin da ake cirewa daga dukiyar da mamaci ya bari. Da farko na rubuta "harajin gado", sai na ga bai kama ba. Har wani ya tsokane ni wai ko gadon kwana za a fara biya wa haraji.

Inda gizo ke saƙar shi ne, harajin iri biyu ne. A Amurka, tun 1916, gwamnatin tarayya tana cire kasonta daga jimillar abin da mamaci ya bari, kafin a raba wa kowa. A Jamus da Faransa kuwa magaji ake bi, kowa ya biya gwargwadon rabon da ya samu da kusancinsa da mamacin. In muka kira duka biyun harajin gado, mun cakuɗa su.

Wani ya kawo "harajin mutuwa". Wannan kam ban karɓa ba. Masu adawa da harajin a Amurka ne suka yayata sunan, don mai sauraro ya ɗauka duk wanda ya rasu sai an bi iyalansa da takarda. Alhali a 2025 sai dukiyar ta haura dala miliyan 13.99 kafin a taɓa ta, kuma daga abin da ya ɗoru a kai ake cire har kashi 40 cikin ɗari. Talaka bai ma san ana yi ba. Masu goyon bayan harajin kuwa suna so ne a rage taruwar dukiya a hannun gidaje ƙalilan daga kaka har jika, kuma Andrew Carnegie, attajirin ƙarfe, ya goyi bayan haka tun 1889.

An kuma ambaci "ushira", amma ita ɗaya cikin goma take nufi, ba za ta ɗauki kashi 40 ba.

Wani malami, Allah ya saka masa da alheri, ya tuna mini da "tarika", wato duk abin da mamaci ya bari kafin rabo. Nan na tsaya: irin na Amurka harajin tarika, irin na Jamus harajin magada, "harajin gado" kuma ya zama laimar da ta rufe su.

Saura Birtaniya. Su da sunan gado suke kiran nasu, amma daga tarikar suke cire kashi 40 na abin da ya haura fam 325,000. A wurina harajin tarika ne, ko me masu shi suka raɗa masa.