Sharon ta shiga tumatir ɗina, feshi ya ƙi ci

Mai tambaya: Salamu alaikum. Tumatirin rani ne a wajen Kadawa, kadada guda. Kuɗin ma na ƙanwata ne, awakinta ta sayar, kuma surukina ya hana ni tun farko. Ganye ya yi fari-fari kamar an babbaka, 'ya'yan duk huda. Cypermethrin nake fesawa, abin sai gaba yake. Ya zan yi?

Malamin gona: Wa alaikumus salam. Sharon ce, wato tsutsar tumatir da ake kira Tuta absoluta. Daga Kudancin Amurka ta fito, ta shiga Sifen a 2006, a 2016 har Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kanta. Ɗaga ganye a rana, za ka ga tsutsar tsakanin fatar sama da ta ƙasa, da baƙin kashinta. Cypermethrin ba ya isa can, kuma ta riga ta saba da shi. Ka daina. Tsinke ganye da 'ya'yan da suka kamu ka binne da zurfi. Fesa emamectin benzoate da yamma, har ƙarƙashin ganye, bisa ma'aunin jikin kwalba. Bayan wata guda koma spinosad, kar ta saba da magani ɗaya, don cikin zafi wata ɗaya ya ishe ta daga ƙwai zuwa malam-buɗe-littafi, mace ɗaya kuma tana iya zuba ƙwai sama da 200.

Ɗan Bunkure: Alhaji, daka 'ya'yan darbejiya, giram 50 a kowace lita, su kwana a ruwa, ka tace. Akwai jabu a maganin kasuwa, dillalai sun gama da mu, ga taki ya gagara.

Malamin gona: Darbejiya riga-kafi ce, ba ta ceto gonar da ta yi fari. Ya sa tarkon ƙamshin mace, mai janyo mazan ƙwaron, a kan roba mai ruwan sabulu, 20 zuwa 40 a kadada.

Dillali: Ku bar wahalar da shi. Ya tsinke masu kyau ya kai kasuwar Kwanar Gafan, ya tuge sauran.

Mai tambaya: Tugewa dai a'a. Kuma maganina ba jabu ba ne, bara ya kashe min tsutsa. Ko in ninka ma'aunin?

Malamin gona: Kar ka ninka. Maƙwabtanka na da gauta ko dankalin turawa? Tana cin su su ma.

Mai tambaya: Akwai gauta. Amma cypermethrin ɗin na riga na sayi katan guda.