Me ya sa rigakafin ƙyanda ke daɗewa, na korona da mura kuwa ba sa daɗewa?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum. 'Ya'yana sun karɓi allurar ƙyanda sau biyu, ta farko suna da wata 9, ta biyu suna da wata 15, aka ce mini an gama ke nan. Maigidana kuwa ya yi allurar korona a 2021, amma bayan shekara guda cutar ta kama shi, ga mura da ba ta ƙyale mu duk hunturu. Tunda dukkansu ta numfashi ake ɗaukar su, me ya bambanta su?

Malamin Asibiti:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Bambancin yana ga halin ƙwayoyin cutar ne. Ƙwayar ƙyanda ba ta cika sauya kamanninta ba, saboda haka jikin da ya san ta sau ɗaya zai gane ta ko bayan shekaru masu yawa. A 1846 ƙyanda ta ɓarke a tsibiran Faro da ke arewacin tekun Atlantika, ta kama kimanin mutum 6,000 cikin mazauna kusan 7,800, amma likitan Denmak da aka tura, Peter Panum, ya lura cewa tsofaffin da suka yi ta a 1781 ba ta sake taɓa su ba, wato kariyar ta kai shekara 65. Ƙwayar mura kuwa kullum cikin sauya riga take, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya take sake duba abin da za a sa a allurarta sau biyu a shekara. Korona ma haka ta yi, musamman da nau'in Omicron ya bayyana a ƙarshen 2021, lokacin da ƙarfin allurar mutane da yawa ya riga ya fara raguwa bayan 'yan watanni.

Akwai kuma batun lokaci, wanda ba a cika ambatawa ba. Ƙyanda takan yi kwana 10 zuwa 12 a jiki kafin ta nuna kanta, wanda ya ishi garkuwar jiki ta tuna ta kuma yi shiri, alhali mura takan kwantar da mutum cikin kwana biyu kacal.

Uwar Biyu:
Na gode, Malam. Ke nan allurar da maigidana ya yi ta tashi a banza?

Malamin Asibiti:
A'a, Hajiya. Abin da ke saurin raguwa shi ne sinadaran da ke tare cutar tun daga ƙofar hanci da maƙogwaro. Ƙwayoyin jini masu riƙe tarihin cutar sun fi daɗewa, su ne kan hana ta sauka huhu har ta kai mutum gadon asibiti.

Dattijon Unguwa:
Malam ya yi bayani, sai dai ina tsoron wani ya karanta labarin Faro ya ce gara yaro ya yi baƙon dauro ya huta, kamar yadda iyayenmu suke faɗa a da. Ƙyanda tana makantar da yara, tana kashewa, kuma takan shafe wani ɓangare na kariyar da jiki ya tara daga cututtukan baya, har yaro ya warke ya shiga laulayi. Allura biyu suna ba da kariya kusan kashi 97 cikin 100 ba tare da wannan kasada ba. Hajiya, ki adana katin rigakafin yaran, domin wata rana za a tambaye ki shi.