Abin da na tsinta a hirar kawo daskararren kifi ta teku

To jama'a ga abin da na tattaro. Kusan kowa ya nanata cewa kwantena mai firiji riƙe sanyi take yi, ba ta daskarar da kaya, don haka kifin ya daskare tukuna kafin lodi, a saita ta digiri 18 ƙasa da sifili, kuma kar a cika ta har rufi a toshe hanyar iska. Takardun NAFDAC (hukumar kula da ingancin abinci da magunguna) da na kwastan a gama su tun jirgi bai iso tashar jiragen ruwa ta Apapa a Legas ba, don kullum kuɗin wutar firijin kwantenar da na ajiyarta a tashar ƙaruwa suke. Wanda ya fi damuna shi ne hanyar Legas zuwa Kano, wallahi in tirela ba janareto kayan sun lalace. Inshora kuma dole.