Masu riƙe da tsofaffi, yaya kuke yi da abincinsu a wannan tsadar?

Maman Yusra, Kano: Assalamu alaikum. Inna ta haura saba'in, an ce tana da hawan jini, a rage mata gishiri, ta riƙa motsa jiki. To tun da aka cire tallafin mai a 2023, kwanon wake ma sai mun yi shawara kafin mu saya. Don Allah ku ba ni dabara.

Ɗan Funtuwa: Wa alaikumus salam. Baba ciwon suga ne da shi. Shayi mai cokali uku na sukari ne ya fi ba mu wuya, a hankali muka yi ta ragewa. Ya koma tuwon dawa da miyar kuka, malmala ɗaya. In ka ce masa "motsa jiki" sai ya ɓata rai, shi ya sa nake raka shi masallacin can bayan unguwa Azahar da La'asar. Yanzu shi ke jirana a bakin zaure da sandarsa.

'Yar Maraɗi: Yaya, ki dasa zogale a tsakar gida, ruwan alwala ma ya ishe shi. Kakata haƙora biyu suka rage mata, kwaɗo ba ya taunuwa. Sai na dafa ganyen ya yi laushi, na daka ƙuli-ƙuli ya zama gari, na haɗa. Wake kuma na dafa ya narke kamar fate. Sau da yawa ba ƙin abinci tsoho yake ba, tauna ce ta gagare shi, yana jin kunyar faɗa.

Malamar asibiti, Gombe: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini kada ya kai gram 5, kusan ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen miya ma gishiri ne. Ki ƙara daddawa da albasa a madadinsa. Tafiya kuwa minti 150 a mako, ana iya rarraba ta. Amma kada ganye ya sa a ajiye magani, na ga waɗanda hakan ya kai ga shanyewar ɓarin jiki.

Maman Yusra, Kano: Allah ya saka da alheri. Inna gwiwa ke damunta, amma yau ta taka zuwa gidan maƙwabta barkar haihuwa, ta dawo tana fara'a. Reshen zogalen zan karɓo wurin ƙanwata gobe in sha Allah.