Ƙanena ya samu gurbin karatu a tsibirin Hainan, Hajiya ta ce ba da yawunta ba

Mai neman shawara:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun da Allah Ya yi wa mahaifinmu rasuwa shekara shida da suka wuce ni nake riƙe da gida, kuma autanmu ya zauna jarabawar shiga jami'a har sau uku bai samu gurbin da yake so ba. Da na ga zaman banza a bakin shagona yana neman lalata shi, sai na sayar da filin da na saya tun ina saurayi, wanda na ƙudurta gina wa iyalina, na ba wani wakili rabin kuɗin da ya nema, shi kuma ya kawo mana takardar gurbi daga wata jami'a a birnin Haikou, lardin Hainan na ƙasar Sin. Ranar da na nuna wa Hajiya, mahaifiyarmu, wurin a taswira, ta ga ruwa ya kewaye shi ta ko'ina, sai ta ce ba da yawunta ba, wata maƙwabciya kuma ta ƙara tsorata ta da labarin guguwa. Don Allah wanda ya san wurin ya gaya mini gaskiya: yaya zaman yake, akwai Musulmi, me yaron zai ci?

Tsohon ɗalibi a Haikou:
Wa alaikumus salam, Yaya. Shekara huɗu na yi a garin, saboda haka ka saurare ni da kyau. Hainan ba ɗan tudu ba ne a tsakiyar teku, lardi ne mai mutum sama da miliyan 10, wanda aka cire daga lardin Guangdong a 1988, kuma mashigin ruwan da ya raba shi da sauran ƙasar kimanin kilomita 30 ne, har jirgin ƙasa ake ɗorawa a jirgin ruwa a tsallaka da shi. Tun 2015 layin dogo mai gudun tsiya ya zagaye tsibirin baki ɗaya, kuma cikin kamar awa biyu mutum zai bar Haikou a arewa ya isa Sanya a kudu. Ba a ƙanƙara, wannan kuwa rahama ce ga Bahaushe, sai dai zafin can mai gumi ne, kaya ma sukan yi fumfuna a ɗaki.

Maganar guguwa kuwa maƙwabciyar ba ta yi ƙarya ba. A watan Satumba na 2024 guguwar Yagi ta sauka a birnin Wenchang na tsibirin, ta bi ta kan Haikou ta karya itatuwa, ta katse wuta da ruwa. Amma ana sanarwa tun kafin ta iso, a rufe makarantu, kowa ya tanadi ruwa da abinci ya zauna a ɗaki. Musulmi kuma akwai su: a Sanya akwai unguwannin Huihui da Huixin, inda al'ummar Utsul suke da masallatansu, kuma kakanninsu daga tsohuwar daular Champa suka zo, a Biyetnam ta yau. Sai dai can kudu ne. A Haikou abin da ya rufa mana asiri shi ne shagunan taliyar Lanzhou na Musulmin arewa maso yamma, da kuma girki da hannunmu, domin naman alade da kitsensa suna shiga abinci da yawa. Kifi da kwakwa da mangwaro kuwa sai ya ture.

Wata uwa daga Zariya:
Ɗana, ni ba ruwan teku ne ya tsaya mini a rai ba, kalmar wakili ce. Haka aka yi mana da babban ɗana, aka ce tallafin karatu ne na shekara huɗu a wani gari na Sin, ashe na shekara ɗaya ne, kuma da muka koma neman mutumin sai muka tarar ya tashi daga ofishin. Sarƙata da awarwarona na sayar, kuma har yau dangin mahaifinsa suna cewa ni na tura yaro uwa duniya. Babu wanda ya taimaka mini da ko kwabo, amma kowa yana da bakin magana.

Ɗan kasuwa mai zuwa Gwanzu:
Alhaji, in dai Sin za a tura yaro, me zai kai shi wurin masu yawon shaƙatawa a bakin teku? A nema masa Gwanzu, inda 'yan uwanmu suke a unguwar Xiaobei, ya riƙa karatu yana koyon saye da loda kaya, ya samu na kashewa. Hainan ɗin ma da ake cewa 'yan ƙasashe da dama suna shiga ba biza, Nijeriya ba ta ciki, wato ko ziyara ba za ka kai masa cikin sauƙi ba.

Tsohon ɗalibi a Haikou:
Alhaji, wannan shawarar ce take sa a koro yaranmu. Bizar ɗalibi ba ta kasuwanci ba ce, kuma wanda aka kama yana aiki ba izini zai iya rasa karatun gaba ɗaya. Rashin hayaniyar Haikou shi ne amfaninsa. Yaya, ni tambayoyina uku ne, kuma ba ka taɓo ko ɗaya ba. Wane fanni zai karanta? In likitanci ne, ka sani sai ya ci jarabawar hukumar likitoci ta Nijeriya kafin ya yi aiki a gida. Da Turanci za a koyar ko da Sinanci? Sannan ka ga takardar JW201 ko JW202, wato fom ɗin neman bizar karatu da ake samu ta hannun jami'a, da idonka? Da ita da takardar gurbi ake neman bizar ɗalibi ta X1, kuma bayan ya sauka yana da kwana 30 ne kacal ya karɓi izinin zama. Ka rubuta wa ofishin ɗaliban waje na jami'ar da kanka ka tabbatar sunansa yana wurinsu.

Wani malami:
Duk wannan bayani yana da kyau, amma kun tsallake babban abu. Mahaifiya ta ce a'a, kuma tafiyar da uwa ba ta sa wa albarka ba, ko a jirgin zinariya aka yi ta, ni ba zan ba da shawararta ba. Ka nemi kawunku ko wani dattijo da take jin nauyinsa ya zauna da ita, ka kuma yi istihara.

Mai neman shawara:
Na gode, Allah Ya saka da alheri. Mama, wakilin nan ba baƙo ba ne, a unguwa ɗaya muka tashi, ya halarci jana'izar mahaifinmu, kuma ba zan fara bincikensa a bayan idonsa kamar ɓarawo ba. Takardar da tsohon ɗalibin nan ya ambata ban gan ta ba tukuna, amma wakilin ya ce sai an cika kuɗi take fitowa, kuma ya ba ni zuwa ranar Alhamis. Malam, ban saɓa wa Hajiya ba, tsoro ne kawai take ji, kuma filin an riga an sayar, ba zai dawo ba. Abin da nake roƙo shi ne tsohon ɗalibin da ya zauna can ya yarda in kira shi ya yi mata bayanin masallatan nan da bakinsa.

Tsohon ɗalibi a Haikou:
Zan yi magana da Hajiya da yardar Allah, amma ba zan ce mata ta kwantar da hankalinta ba alhali ni kaina nawa bai kwanta ba. Kada ka ƙara ba da ko naira ɗaya kafin jami'ar ta amsa maka. Har yanzu dai, Yaya, ba ka faɗi fannin da yaron zai karanta ba.