Taron Rotary na duk mako: aiki ake ko shayi kawai ake sha?

Ɗan Tudun Wada:
Salam jama'a. Don Allah ina neman wanda ya sani ba wanda ya ji an ce ba. Wani ogana a wurin aiki ya dame ni sai na bi shi mitin ɗin ƙungiyarsu ta Rotary, wai duk sati suke zama, sau uku yana min magana ina zillewa, ranar nan dai kunya ta sa na bi shi. To abin da na gani: an buga wata 'yar ƙararrawa, an gabatar da baƙi har da ni, wani likita ya yi bayani a kan shan inna kamar minti ashirin, aka ci wasu tara don sun makara ana ta dariya, aka yi maganar kuɗin wata rijiyar burtsatse, aka sha lemo aka watse. Ni dai ban ga wani abin ƙi ba, amma da na faɗa a majalisarmu sai wani ya ce ai ƙungiyar asiri ce, wani ya ce ta masu kuɗi ce suna ɗaukar hoto. Kuma ni tambayata ma, ba an ce shan inna ta ƙare a Najeriya ba? To me ake ta zama a kai har yanzu?

Baban Khalifa (Samaru):
Wa alaikumus salam ƙanina. Na yi shekaru a ciki kafin hidimar yara ta sa na ja baya, don kuɗin shekara da ake biya ba wasa ba ne, wannan kam gaskiya ne mai ƙaramin albashi zai ji a jikinsa. Amma batun asiri, kai da kanka ka shiga ka zauna har aka tashi, wa ya rufe maka ido? Wani lauya Paul Harris ne ya kafa ta a Shikago ta Amurka a 1905, kuma mutumin Afirka na farko da ya shugabance ta a duniya baki ɗaya lauya ne mazaunin Kano, Jonathan Majiyagbe, daga 2003 zuwa 2004. In zuciyarka ba ta kwanta ba ka tambayi malaminka, ni ba zan yi maka fatawa ba.

Maganar shan inna kuwa, tun 1985 suka ɗauki abin a ka, sannan a 1988 aka haɗu da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da sauransu. Na ƙarshe da asalin ƙwayar ta kama a ƙasar nan a Borno ne 2016, sai ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita. Pakistan da Afganistan ne suka rage. Zaman sati-satin nan da kake rainawa a nan ake tara kuɗin da sanin wa zai je ina, in ba a haɗuwa to wa zai tuna wa wani alƙawarin da ya ɗauka.

Maman Hanifa:
Baban Khalifa ka yi bayani amma bari mu da muke shiga lungu mu ce wani abu. Shekarata tara ina aikin ɗigon riga-kafi gida-gida, daga Gyallesu har cikin birnin Zariya wajen Ƙofar Doka babu zauren da ban yi sallama ba. Ƙarfe bakwai muna ɗauke da akwatin ƙanƙara, ɗigo biyu a bakin yaro ɗan ƙasa da shekara biyar, a shafa masa tawada a ɗan ƙaramin yatsa, a rubuta da alli a bango, a wuce gaba. Masu ƙungiya sukan zo ranar ƙaddamarwa da rigunansu da huluna, wasunsu tsakani da Allah suna bin mu har rana ta take, suna sayo sabulu da alewar da muke ba yara, wasu kuma ana ɗaukar hoto sun shige mota. Duka akwai.

Ɗan Tudun Wada, dalilin da ba a daina ba shi ne akwai wani nau'in da ke ɓulla a inda yara da yawa ba su samu riga-kafi ba. Ƙwayar da ke cikin ɗigon an raunana ta, tana fita ta bayan gida, to in unguwa yawancin yara an yi musu babu abin da za ta iya, amma in ta samu wuri ta daɗe tana yawo tsakanin yaran da ba a yi wa ba sai ta sake yin ƙarfi har ta shanye ƙafa. Ka dubi yadda kwatocinmu suke da damina, yara na wasa a ciki babu takalmi, ka ga ai ba sai an yi maka dogon turanci ba.

Kuma wlh abin da ya fi ba mu wahala ba rana ba ce, maigida ne zai tsaya bakin ƙofa ya ce ɗana na kwance da zazzaɓi na je asibiti an ce in sayo magani, amma wannan kullum kyauta har gida, me ya sa? Ni kaina wani lokacin rasa amsa nake. Sai mun koma mun ɗauko mai unguwa, in ya zo ya ɗiga wa jikansa a gaban mutane sannan a fito mana da yara.

Sabongari_Boy:
To ai maigidan nan ya fi kowa gaskiya Hajiya. Mutane ba mahaukata ba ne, ba a manta abin da ya faru a Kano 1996 ba lokacin sanƙarau da aka gwada maganin Trovan a kan yara, shi ya sa da aka zo 2003 aka ce ɗigon nan akwai matsala mutane suka yarda nan take, Kano ta dakatar kusan shekara guda. Ni yarana duk an yi musu, ba wai ina hana kowa ba. Amma a layinmu jarka muke saye wurin 'yan garuwa, famfo ya zama abin ado, duk damina sai an kwashi mutane da amai da gudawa. In da gaske suke su bar otal su zo su yi mitin ɗin a bakin lambatunmu ko sau ɗaya.

Maman Hanifa:
Dakatarwar nan da ka ambata ai mu muka ga sakamakonta, cutar ta bazu har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, kuma yaran da ta shanye a lokacin ga su nan sun girma, wasu kana ganinsu a kan keken guragu wajen PZ da Kwangila. Sai da sarakuna suka shigo da ƙarfinsu, Sarkin Musulmi da su marigayi Sarkin Zazzau Shehu Idris, sannan abu ya daidaita. Batun ruwa kuma ban musa maka ba ko kaɗan, ni ma saye nake. Sai dai lambatun layinku ƙanina, matasa nawa ne a layin? Shebur nawa ne?

Baban Khalifa (Samaru):
Hhhh Hajiya a yi masa a hankali. Amma Sabongari ka rubuto takarda da sa hannun mai unguwarku, a faɗi gida nawa ne da inda za a haƙa muku rijiya da wanda zai riƙa gyara in ta lalace, don rijiyoyi da yawa a nan suke mutuwa, an haƙa an yi biki famfo ya lalace babu mai ko sisi. Irin wannan takardar ake karantawa a zaman.

Ɗan Tudun Wada:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Kuɗin shekarar nan dai ya fi ƙarfina yanzu, amma oga ya ce baƙo na iya zuwa ba tare da ya yi rajista ba. Sabongari_Boy in ka rubuta takardar ka yi min magana ta inbox ni zan kai musu sati mai zuwa. Maman Hanifa yaushe ne zagaye na gaba? Akwai wani maƙwabcina mai yara huɗu da kullum yake cewa ba sa nan alhali muna jin kukansu ta katanga.