Neman kalmar Hausa: me za mu kira sauya wa bindigar farauta harsashi?

Ga 'yan uwa masu aikin fassara da masu shirye-shiryen rediyo a nan Jos, da kuma dattawanmu maharba da suka fi mu sanin bindiga, ina so mu tsayar da magana ɗaya a kan kalmar Turanci "rechambering", wadda ke fitowa duk lokacin da ake muhawara a kan ko mutum ya sauya wa tsohuwar bindigarsa irin harsashin da take ci, ko kuwa ya sayi sabuwa. Fassarar da ta fi yawo ita ce "gyaran bindiga", kuma ina ganin ba ta dace ba, domin gyara na abin da ya lalace ne, alhali bindigar da ake yi wa wannan aiki lafiyarta ƙalau, sai dai mai ita yana so ta koma cin wani harsashi dabam.

Kafin a kai ga sunan aikin, sai an raba abubuwa uku da muke haɗawa a kalmar harsashi. Akwai ƙwayar da ke fita ta sami dabba, akwai kwanson tagulla da ke riƙe da albarushi, sannan akwai su biyun a haɗe kamar yadda ake sa su a bindiga. Ina ba da shawara mu bar "harsashi" ga haɗaɗɗen, mu ce "ƙwaya" da "kwanso" ga sassansa, tun da 'yan jarida sun riga sun saba da cewa an tsinci kwanson harsashi. Wannan rabewa tana da amfani sosai, domin harsashin .30-06, wanda sojojin Amurka suka karɓa a 1906, da harsashin .308 Winchester da ya fito a 1952, kaurin ƙwayarsu ɗaya ne, amma kwanson na farko ya kai milimita 63, na biyun kuwa milimita 51 ne. Ramin bututun bindigoginsu iri ɗaya ne, wurin da kwanso yake kwanciya a gindin bututun ne ya bambanta, kuma wannan wurin ne ake taɓawa.

An kawo "ɗakin harsashi" a matsayin sunan wurin, amma wannan bin Turanci ne sawu da ƙafa, kuma mai sauraro zai ɗauka ɗakin ajiyar makamai ake nufi. An kawo "mazauni" ma, wadda ba laifi, sai dai ba ta nuna cewa an yanka wurin daidai da siffar abin da zai shiga ba. Ni "gurbi" na zaɓa, saboda gurbi rami ne da aka yi domin abu ɗaya ya zauna cif, kuma Bahaushe ya san cewa ba kowane abu ne ke cike kowane gurbi ba. Saboda haka "gurbin harsashi".

Sunan aikin kansa shi ne inda na fi daɗewa ina tunani. "Sauya gurbi" za a ji kamar an canja wa abu wuri ne. Abin da maƙerin bindiga yake yi shi ne ya zura wani ƙarfe mai kaifi da aka ƙera da siffar sabon kwanso, ya yi ta kankare cikin gurbin a hankali har ya faɗaɗa ko ya ƙara zurfi. Wannan shi ne fafa, irin wadda mafafi yake yi wa ƙwarya, kuma kalmar tana ɗauke da gaskiyar da ta fi kowace muhimmanci a sha'anin: abin da aka fafe ba ya komawa. Ana iya tafiya daga ƙaramin kwanso zuwa babba muddin kaurin ƙwaya bai canja ba, amma ba a dawowa baya sai an yanke gindin bututun ko an sake shi gaba ɗaya. Don haka nake roƙon mu amince da "fafar gurbi", mu ce an fafe wa bindiga gurbi. Wanda ke ganin kalmar ta yi kama da aikin gargajiya fiye da kima, sai ya tuna cewa "kunama" ma ba a masana'anta aka raɗa ta ba, ga shi kowa ya san abin da ake ja idan za a harba.

Tarihi ya nuna dalilin da ke sa a yi fafar. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Amurka sun koma gida da bindigogin Mauser na Jamus masu cin harsashin 8x57, wanda ke da wuyar samu a can a wancan lokaci, sai maƙera suka riƙa fafe gurbinsu domin su karɓi kwanson .30-06 da aka ɗora wa ƙwaya mai milimita 8. Rashin harsashi ne ya tilasta hakan, ba sha'awa ba.

Idan kuwa kaurin ƙwaya zai canja, kamar daga .30-06 zuwa .270 Winchester na 1925, fafa ba za ta yi ba, sai a cire bututun a ɗaura wani. Wannan "sake bututu" ya wadatar, ba sai mun ja magana ba.

Da waɗannan kalmomi a hannu, tambayar asali ta fi sauƙin amsawa. Fafar gurbi ita ce mafi araha, amma ba ta yiwuwa sai tsakanin harsasai masu kaurin ƙwaya ɗaya. Sake bututu kuwa yakan jawo wasu ayyuka: faɗin gindin kwanson .30-06 da .270 da .308 ɗaya ne, amma na manyan harsasai irin su .375 H&H na 1912 ya fi faɗi, sai an gyara fuskar ƙarfen da ke tura harsashi yana kulle shi, wani lokaci har da ma'ajiyar harsasan, kuma bindigar da aka ƙera wa gajeren harsashi ba za ta ɗauki dogo ba. Kuɗin bututu da ladan ƙwararren maƙeri sukan kai kuɗin sabuwar bindiga mai sauƙin farashi a ƙasashen da ake wannan sana'a a sarari. A ganina, in ba bindigar gado ba ce, ko wadda hannu ya saba da ita shekara da shekaru, sayen sabuwa ya fi hankali. Ga kuma batun rai: ɗan ƙaramin kuskure a zurfin gurbi yana iya sa kwanso ya fashe a fuskar mai harbi. Shi ya sa a Ingila bindigar da aka yi wa irin wannan aiki sai ta koma gidan gwajin bindigogi, irin na Birmingham da aka kafa a 1813, an buga mata sabon hatimi kafin a sayar da ita.

A Najeriya akwai abin da ya sha gaban duk wannan lissafi. Dokar Makamai ta 1959 ta sa bindigar farauta ta zamani a rukunin da sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, ba ta bar ƙira ko gyaran bindiga ga kowa ba sai da izini, kuma ta jera bindigogin soja masu cin harsashin 7.62 da .303 cikin waɗanda aka haramta. Harsashin .308 Winchester kuwa kusan tagwaye ne da 7.62 na sojojin NATO. Lasisi na bindiga guda ce takamaimai, kuma wadda aka fafe wa gurbi ta riga ta zama wata bindiga, ko da lambar jikinta ba ta canja ba. A jiha irin Filato, inda bindiga ta ci rayuka masu yawa, bai kamata mu saki kalma a rediyo da za ta sa maharbi ya zaci wannan aiki daidai yake da sake ƙota ko ɗaure kunama a maƙerar unguwa ba.

Abin da ya rage mini ban tsayar ba shi ne sunan ƙarfen nan da ke tura harsashi ya kulle shi a gurbi. Na ji masu cewa "sakata", kuma ta kwanta mini, amma ina so in ji daga bakin dattawan maharba da tsofaffin sojoji ko akwai sunan da suke kiransa da shi tun da.